Alƙalin Ludayi

Da na aje aikin awon hatsi a ma'aikata
sai na tsiri wani awon da ba a sa ni ba:
ƙaramin littafi a aljihu, biro ja,
da harshen da nake rantsuwa bai san ƙarya ba.

Kowace Asabar in tada tsohon babur
in bi ƙwarya duk inda aka ce ta yi suna.
Ba na sha a tsaye, ba na sha da hira.
Kurɓin farko na hanci ne, na biyu na harshe,
na uku shi ke gaya mini halin mai damu.

A Wamakko, hurar Ige:
gero ya daku, kimba ta yi sallama kafin ta shigo,
amma nonon tsala ne, ya yi baƙon ruwa.
Na ce mata shida. Ta ce Allah shi amfana,
ta zaci ƙwarya shida zan saya.

A Kware na sha kunun aya mai gardi,
dabino ya yi masa yawa kamar yabon maroƙi.
A Shuni soɓo ne, ja wur, kanumfari na cizo,
sai ƙarshensa ya tona masa asiri,
ɗacin sakarin ya raka ni har Kwannawa.
Na rubuta huɗu, albarkacin ƙanƙara.

Nan Mabera kuwa, lungu ɗaya da gidana,
akwai kunun zaƙin Tumba.
Sau ɗaya na kurɓa,
ranar da muka yi cacar baki da mai faci.
Na rubuta: salam, ba kai ba gindi, uku.
Shekara biyu ina wuce bokitinta
ina kau da kai kamar wanda ake bi bashi.

Sai Boɗinga.
Rana ta take, kwalta na laushi, maƙoshi ya bushe,
ga wani yaro gindin bedi da shuɗiyar kula.
Na kurɓa, na rufe ido.
Citta a gaba, dankali a baya yana lallashi,
ɗan tsami iya wanda ke farkar da mutum,
gasara ta kwana daidai, ba ta zarce ba.
Na ƙara kofi, na sake ƙarawa,
na karya dokata na zauna ina zuba.
Goma! Ni da ban taɓa ba kowa tara ba.
Sati uku ina labarinsa a majalisa
har Marafa tela ya ce in bar kunnensu ya huta.

Na koma don in ga hannun da ya dama.
Yaron ya dube ni, ya dubi aljihuna:
"Baba, ai ba nan aka dama shi ba.
Kullum da asuba motar Dikko ka kawo shi daga birni.
Innata ta, Tumba, ta Mabera.
Ta ce in na gane ka in gaishe ka,
kai na mai jan biro."

A hanyar dawowa babur ma bai yi mini gardama ba.
Lita nawa na ƙona
don in yabi abin da ke hucewa a ƙofar gidana?
Na buɗe shafin uku, na buɗe shafin goma,
gero bai canja ba, balle tukunya.
Can mai faci na sha, nan ƙishirwa,
duka biyun na sa wa kunu hannu.

Bayan magariba na tafi da kofina.
Ba ta tada zance ba. Ta motsa, ta zuba,
ta riƙe ludayi tana jira in haɗiye.
"Malam Modi, yau nawa muka ci?"

Na taɓa aljihu, biro na nan.
Na ce, ƙara mini dai, Tumba,
ban gama ji ba.