Matatar Iska

A garejin Barkindo, bakin hanyar shiga Kusiri,
aikina buɗe ƙirjin manyan motoci.
Direba ya taso daga Mora, ya ratso Dabanga,
ya iso da gashin ido fari kamar mai injin niƙa.
Sai in zaro matatar iskar injinsa,
in buga ta da taya sau uku,
in hura mata iskar bututu.
Abin da ke fita ya fi garin alabo laushi.
Shekara tara ban tambayi inda yake zuwa ba.

Ashe gida yake riga ni.

Zaituna, 'yar shekara shida,
numfashinta da dare sai ka ce sarewar kara.
Uwarta ta dafa citta, ta shafa mata man shanu,
sarewar ba ta yi shiru ba.
A asibiti Malam Sali ya kasa kunne a bayanta,
ya daɗe,
sannan ya ce: mai kaurin ba ita ce abin tsoro ba,
gashin hanci na tare ta, tari na koro ta.
Akwai wadda ko a hasken taga ba a gani,
ita ke gangarawa can ƙasan huhu ta shimfiɗa tabarma,
har jini takan shiga ba sallama.

Na ce, to a canza mana.
Bakin makanike ne, ya riga hankalina.
Ya dube ni kawai, ya rubuta magani.

Ta tirela jaka shida ce a ƙetaren gada,
in ka iya ciniki a bar maka biyar.
Ta ƙirjin Zaituna
ko a Njamena ba shagon da ya ajiye.

Tun ranar nake ganinta ko'ina:
kan farantin solar Jibrilla mai cajin waya,
da wutarsa ke mutuwa kafin la'asar,
kan ganyen albasa a bakin Lagon,
kan rana kanta, da ta dushe kamar tsohon murfin tukunya.
Wani malamin makaranta mai kawo mana babur
ya ce in ta yi yawa a sama takan rage wa ƙasa rana,
wani sa'in ta watsa hadari,
wani sa'in a jikinta ɗigon ruwa ke fara taruwa.
Ban kama duka ba.
Na dai gane ba ta tsayawa inda aka kakkaɓe ta.

Yanzu cikin bokitin ruwa nake zazzage matatar,
yaran gareji na dariya.
Nakan tuɓe rigar aiki a zaure kafin in ɗauke ta,
in yayyafa wa ƙofar gida ruwa da magariba.
Tirela goma ta wuce, ruwan ya bushe.

Tsakar dare nakan matsa kusa da gadonta
yadda nake kasa kunne ga injin da aka bari a kunne,
ina jiran wata ƙara
da ba ni da sifanarta.