Tambaya ta Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Herwagana,
an ɗauke wuta, fanka ta yi shiru,
daga ni sai hasken waya da takarda mai shafi huɗu.
Suna, na rubuta. Mahaifa, na rubuta.
Sai ta goma sha ɗaya ta tare ni
kamar shingen 'yan sanda a Tashar Dukku:
"An taɓa hukunta ka a makaranta?"
Gurbi biyu, I da A'a,
kowanne bai ɗauki ƙwayar wake ba,
amma karatun shekara bakwai
cikin ɗayansu zai kwana.

Muna aji uku ne. Bappayo na asibiti,
zazzaɓi ya kayar da shi,
na sa masa hannu a takardar halarta
da wani rubutu mai karkata hagu.
Aka gane. Kwamiti ya zauna.
Zango guda a gida.
Na ce wa 'yan unguwa yajin aiki ake yi.

Abin da ya biyo baya shi ne ba na faɗa.
Barci ya yi ƙaura, tuwo ya koma yashi a baki,
na karanta shafi ɗaya na dokar filaye sau tara
ban fita da ko harafi ba.
Dakta Rifkatu ce ta raɗa wa abin suna,
ta ce damuwa ciwo ce, kamar hawan jini,
ta ba ni farar ƙwaya, rabi da dare,
ta ce in riƙa takawa da yamma
zuwa Pantami in dawo.
Katin asibitin na cusa cikin littafin dokar shaida.
Ka ji wauta: ɓoye shaida a gidan shaida.

Abokai a waya, kowa da fatawarsa.
Wannan ya ce gara ta daɗe da cinye fayil ɗin,
wancan ya ce lauya ba ya tona kansa.
Har na ɗora bakin biro kan A'a.
Ɗigon tawadar yana nan.

Da safe na bi Baba Tudun Hatsi,
inda ya shekara talatin yana awon masara.
Wata tsohuwa ta miƙa buhu, ta juya baya
tana cinikin barkono da maƙwabci,
ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba.
Na ce, "Baba, ba ta ƙirga."
Ya ce, "Ta ƙirga tun kana goye.
Na taɓa rage mata mudu bisa kuskure,
na bi ta Bolari a keke, rana tsaka."
Ya kaɗe hannu, ya kira na gaba.
Bai san da takardata ba. Ban ce komai ba.

Na dawo na cika I,
na yi bayani layi shida, ba kwalliya,
na kai wa tsohon alƙalin da zai tsaya mini.
Mai Shari'a Jalo yana ba tattabarunsa ruwa.
Ya goge tabarau da bakin riga,
ya karanta har shayina ya huce.

"Shi Bappayon yana ina?"
Yana koyarwa a Bajoga, ranka ya daɗe, 'ya'yansa biyu.
"Kai fa? Kana samun barci?"

Shafi huɗu, tambaya ashirin da uku,
babu wadda ta yi mini wannan.
Na buɗe baki, sai maƙogwaro ya ƙi.
Ya bar ni na gama, yana kallon tattabaru,
sannan ya nemi biro.

Masu tantancewa sai wata mai zuwa za su zauna.
Ban san me za su gani ba,
ɗigon tawada ko layi shida.
Baƙar rigar da farar hular suna cikin leda
bisa kabad, ban gwada su ba tukuna.
Jiya dai ladan ya yi kira biyu ban ji ba,
sai da Inna ta buga ƙofa.