Sau Uku Cikin Ɗari

A Valparaíso, can bisa tudu,
inda gidaje suka hau kafaɗar juna kamar 'yan kallon dambe,
Goggo Fresia tana da ɗakunan haya huɗu
da littafin baƙi wanda ya yi wata biyu bai sha tawada ba.

Aka ce wa Maritza, 'yar ƙanenta:
ke da kika yi karatu, rubuta mana shafi.
Wani Bastián, mai sayar da dabara ta waya daga Santiago,
ya ce mata: Gizon da ke sintiri a yanar nan ba ya karatu,
ƙirga yake yi.
Ki ba shi "ɗaki mai kallon teku"
sau uku cikin kowace kalma ɗari.
In kin ƙara masa, ya ƙara miki.

Ta zauna, shayi yana hucewa.
Ta sa a kai, ta sa a gindi, ta cusa ƙarƙashin hoto,
tana barbaɗawa kamar gishiri a hannun mai fushi,
har ta kai ga rubuta:
in kana neman ɗaki mai kallon teku,
ɗakinmu mai kallon teku shi ne ɗaki mai kallon teku.
Ta karanta a bayyane.
Sai ta ji tekun ya sulale daga cikin kalmar,
ya bar mata ɓawo a baki.
Ta ƙirga duk da haka. Arba'in da ɗaya.

Sati uku ana jira.
Daga shafi na biyar na masu bincike
gidan ya gangara na goma sha ɗaya,
unguwar da ko ɓarawo ba ya leƙawa.
Bastián ya ce Gizo ya canza hali, yanzu ya tsani naci.
Kuɗinsa dai ya riga ya shige aljihu.

Tsoho Eleuterio, ubanta, yana bakin ƙofa yana gyaran taru,
zare a haƙori, bai ɗago ba.
Ya ce: in ka matse idon taru da yawa,
ruwa za ka yi ta ja har bayanka ya tsage.
Ta ce: Baba, wannan ba kifi ba ne.
Ya ce: ni ma ban ce kifi ba ne.

Daren nan ta goge komai.
Ta rubuta cewa matakala tamanin da bakwai ce daga titi,
ta ashirin da shida tana rawa, a taka ta gefen hagu.
Ta rubuta cewa ruwan zafi yana ƙarewa ƙarfe tara,
akwai mage mai ido ɗaya da ke kwana kan akwatin baƙo,
Goggo tana gasa burodi da asuba, tana faɗa da rediyo.
Teku kuwa, ta ce, yana nan,
amma sai ka hau kujera a ɗaki na uku,
ka leƙa tsakanin rufin kwano biyu,
za ka gan shi, faɗin tafin hannu.

Ta ƙirga don sabo. Sau biyu rak.

Shafin bai tashi sama ba, rarrafe ya yi
ya tsaya a na huɗu, yana haki.
Ɗakuna uku suna nan a rufe.
Amma ranar wata Talata, ana yayyafi,
wani dattijo daga Temuco ya hauro da jaka ɗaya,
ya taka ta ashirin da shida ta gefen hagu
ba tare da kowa ya gaya masa ba.

Maritza ta tambaye shi me ya rubuta a wurin bincike.
Ya ce ya manta, wani abu ne game da mage.
Sannan ya cire takalmi, ya goge ƙafa,
ya ce: ina kujerar?