Shafi na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe tara na dare a Tudun Wada,
sakatariya ta watse tun la'asar.
Saura ni da Baba Tanimu mai gadi
da fom mai shafi arba'in da biyu.

An ce Tarayya ta ware wani kaso
ga duk jihar da ta iya nunawa
yadda za ta rage ɓarnar lantarki.
Ina cikawa da tocila a bakina,
don sun ɗauke tun kafin magariba.

Tambaya ta shida: wuta nawa
asibitocinku ke sha a shekara?
Na je Bukuru na gani da idona:
firijin rigakafi, ya girme ni,
yana nishi kamar saniyar da ta haɗiye leda.
Sista Nanbam ta ɗaure ƙofarsa da roba,
ta ce, "Injiniya, in ka isa Abuja
ka ce musu sanyinsa ma ya gaji."
Na duba fom, babu gurbin wannan.
Sai na rubuta lamba.

Ƙwan fitila mai zafi, ɗari shida da tara,
ni na ƙirga su, a kan tsanin aro,
daga Farin Gada har Dadin Kowa.
Wasu na ci da tsakar rana
don makunnin ya karye tun ina ɗalibi.

Da na kai wa Dakwak akanta
batun kason da jiha za ta zuba,
ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
"Rubuta cewa muna da niyya," in ji shi.
Niyya ba ta da sifili a bayanta,
amma na nema mata layi.

Juma'a da asuba muka gangara Hawan Kibo,
fayil a ƙirjina kamar jinjiri.
Akwanga, Keffi, cunkoson Mararraba,
rigata ta jiƙe, fayil bai jiƙe ba.

Hawa na huɗu. Ɗaki ba kowa,
na'urar sanyi biyu na ta aiki
suna sanyaya kujeru.
Fitilu takwas, taga a buɗe, rana tsaka.
Matar da ke karɓa tana cikin rigar sanyi
irin wadda muke sawa a Jos da dalili.
Ta lasa yatsa, ta bi shafi shafi,
ta tsaya.
"Na sha bakwai babu hatimi.
Ƙarfe huɗu muke rufewa."

Hatimi na cikin aljihun tebur,
makulli na wurin Darakta,
Darakta na Shendam wurin ta'aziyya.
Ban tambayi Baba Tanimu yadda ya yi ba,
har yau ban tambaya ba.
Na dai ji an ce teburin na bukatar kafinta.

Uku da kwata direba ya miƙo min leda
a bakin tasha, tana warin dankali.
Na buga hatimi a kan murfin motarsa,
tawada ta ɗan zame, sunan jiha ya karkace,
amma ana karantawa.

Saura minti goma sha biyu
ta ba ni 'yar takarda mai lamba:
ɗari biyu da talatin da ɗaya.
Ba ta ce za a ba mu ba.
Ta ce za mu ji.

Da zan fita, na waiga barandar,
ba kowa sai ni da hasken banza.
Na ɗora yatsa, na kashe guda.
Wannan dai ba ya bukatar sa hannun kowa.

Litinin Nanbam ta kira ni.
Na ce an karɓa.
Ta yi shiru, ina jin nishin firijin ta waya.
Ta ce, "To. Bari in sake masa roba."