Sallama a Cikin Iska

Mun ɗaure akwatin a saman shagon Tanimu a Harbo,
ƙarƙashin kwano, inda ƙadangare ke shan hantsi.
Waifai, in ji yara.
Tsohuwa Kande ta ce a'a,
rijiya ce aka haƙa a sama.

Ranar rajistar taki,
waya arba'in a gindin darbejiya,
kowane babban yatsa na danna aika.
Ba wanda nasa ya tafi.
'Yar da'irar nan tana ta zagaye a fuskar waya
kamar akuya a turke.

Kande ta leƙa, ta ja tsaki.
"Guga biyu a bakin rijiya ɗaya,
igiya ta sarƙe, duka su fito fanko.
Tun ban yi wayo ba na san wannan."

Tanimu ya yi dariya,
littafin da ya karanto a Dutse ma haka ya ce.
Na'ura mai tarbiyya kasa kunne take tukuna,
in wata na magana ta kame bakinta.
In sun yi karo, kowacce ta ja da baya
ta yi ƙidayarta a zuci,
wannan uku, waccan goma sha ɗaya,
kada su sake tashi tare
kamar mutum biyu a ƙofar zaure,
wuce, a'a kai wuce,
sai goshi ya gaisa da goshi.

Sai dai akwai abin da kunne ba ya kamawa.
Malam Iliya na bayan katangar masallaci,
Lantana na can wajen injin niƙa.
Akwatin na jin su duka,
su ba sa jin juna.
Shirun da kowannensu ya ji, ƙarya ne.

Don haka ya koya wa wayoyin sallama.
Kafin dogon saƙo, gajeriyar tambaya:
in shigo?
Akwatin ya ɗaga murya unguwa ta ji:
wance ta shigo, saura a dakata.
Ya hau tsani ya sauya masa hanya,
ashe na mai cajin waya a tsallaken titi
burtali ɗaya yake bi da namu.

Kafin la'asar sunaye sun tafi,
ɗaya bayan ɗaya,
da saurin da tururuwar safe ba ta samu ba.
Na Kande ne na ƙarshe. Buhu biyu.

Ta ɗaure wayar jikanta a bakin zane,
ta ɗaga kai ta dubi 'yar koriyar fitila
tana ƙifta ido a ƙarƙashin kwano.
"Tanimu, ran taron gari
ka sauko da shi,
a ba shi tabarma a gaba."