Ƙidaya a Wuro Hammayo

An ba ni littafi da alƙalami,
aka ce: Sali, kai ne ɗan gari,
bi gida-gida ka ƙirgo mana,
ƙungiyar unguwa na son sanin
kai nawa zai ɗauki kuɗin taransifoma.

Na fara daga gindin tsamiya,
don nan kakana Hammayo ya sauke kaya,
da shanu goma sha ɗaya
da amininsa Batere, mai haƙar rijiya.
Bukka bakwai. Haka Goggo Dudu ke faɗa,
ta lanƙwashe yatsun hannu guda,
ta aro biyu a ɗayan.
Auduga kan yi fari har gindin dutse,
a ɗora wa jakai, a kai awo Gombe,
a dawo da gishiri, kananzir da labari.

Sai aka yi jiha.
Gombe ta kumbura kamar ƙullin da ya kwana,
ta tsallako kwari ta iske mu muna shanyar dawa.
Masu awo suka zo da igiya da turakun siminti.
Babana ya sayar da gonar yamma,
ya sayi babur, ya biya kujerar Makka.
Babur ya mutu, sunan Alhaji ya saura.
Gonar yau bene ce hawa biyu,
da ciyawar da ake ba ruwa safe da yamma
ba don bakin saniya ba.

Na ƙwanƙwasa ƙyauren ƙarfe na farko,
kare ya amsa kafin mutum.
Mai gadi ya leƙo ta 'yar kafa:
"Mai gida na Abuja, Hajiya ta tafi Umara,
yara uku na makarantar kwana. Sa biyar."
Na ce, kai fa?
Ya ce, "Ni ba a ƙirga ni, ni ke ƙirga motoci."
Na sa shida.

Gidan Dakta Lamela ɗaki tara, mutum biyu.
Ta ba ni ruwan sanyi, ta tambayi gwiwar Goggo.
Gidan Injiniya Tukur, rufi ya sha farantan sola
kamar ƙadangaru sun fito shan hantsi.
Namu na bayan masallaci,
ɗaki huɗu, mu ashirin da uku,
nan ba sai na ƙwanƙwasa ba.

Kada a ce ƙorafi na kawo.
Daren da naƙuda ta tsananta wa Dija
motar Injiniya ce ta kai ta asibiti,
shi da kansa ya ja, da silifa wari-wari a ƙafa.
Burtsatsen Alhaji Bappayo na da famfo ta waje,
ban taɓa ganin kwaɗo a kansa ba.
Bara da kwari ya cinye katanga uku
kowa ya fito da buhun yashi a ka,
laka ba ta tambayi albashin kowa ba.

Ran Asabar, taro a harabar firamare,
kujerun roba, lemo a kwali.
Wani ya miƙe ya ce a sake wa wurin suna,
wanda zai yi kyau a kan takardar fili.
Goggo, da ba wanda ya gayyace ta,
ta dogara sanda ta ce:
"Wanda ya sha ruwan farko a nan
bai bar mana takarda ba, sunan kawai ya bari."
Aka yi tsit.
Can wani ya yi gyaran murya,
aka koma batun taransifoma.

Gida ɗari biyu da goma sha huɗu,
rai dubu da ɗari shida da ɗoriya,
ban da na makarantar kwana, ban da na ciki.
Na miƙa littafi.
Sakatare ya bi da yatsa, ya ɗago gilashi:
"Sali, gidaje sun haura da bakwai.
A wane layi suke?"

Na dubi inda ake ajiye motoci, gabas da tsamiya.
Na ce, kuskuren hannu ne, ranka ya daɗe.
Ya miƙo mini alƙalami in soke.
Na riƙe shi, na daɗe ina gyara murfin.