Faifai a Kasuwar Sawarik

A Sawarik, kudancin Jidda,
inda Ɗanjummai ke feɗe matattun kwamfutoci,
ya miƙo min faifai guda
mai sheƙin ruwan randa da asuba.

"Ƙwanƙwasa," in ji shi.
Na sa farce.
"In ya amsa kamar ƙararrawa, sanholo ne, sai sikeli.
In gilashi ne, kar ka lanƙwasa.
Na taɓa gwadawa. Ga tabon."

Nauyin nan duk ɗan dako ne.
Ajiyar tana bisa fata:
shafen kobal, ɗigon filatinam,
bai kai kaurin hucin baki a kan madubi ba.
Nan maganaɗisu ya jera sirrin wani,
hoton 'yarsa ranar suna, bashin haya,
wasiƙar da ya rubuta gida bai aika ba.

Na ƙura ido, ko wasali babu.
Fuskata ce kawai, da gumi,
da furfura biyu da ban san da zamansu ba.

Ɗanjummai ya karɓa, ya goge da gefen riga,
ya wurga a buhu.
Riyal huɗu kilo.

Aka kira la'asar, muka ja ƙofa.